Rabon Na Ƙasa A Ruwan Kogin Haɗeja

A fiƙihun Malikiyya, manomin da ke sama shi ke fara ban-ruwa, amma da zarar ruwa ya kai idon sawu, wajibi ne ya sake shi ga na ƙasa. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992), waɗanda aka gina a saman kogin Haɗeja, sun rage ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru. Doka ta 101 ta 1993 ta danƙa ruwan da ya ratsa jihohi ga Gwamnatin Tarayya, ta kuma halatta wa mai gona a bakin kogi ɗiba kyauta. Sai dai ba ta yanke wa na ƙasa rabonsa ba, alhali kuwa izinin ɗiba ba ya shayar da gona idan kogi ya ƙafe.