Yara a Rigar Manya: Sansanin Wasan Kwaikwayo a Finafinan Amurka

A Amurka, idan aka rufe makarantu don dogon hutun watan Yuni zuwa Agusta, iyaye masu hali kan tura 'ya'yansu sansanonin da ake koyar da wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa. Ɗaya daga cikin fitattun waɗannan wurare shi ne Stagedoor Manor, a tsaunukan Catskill na jihar New York, inda Natalie Portman da Robert Downey Jr. suka taɓa zama suna ƙanana. A can Todd Graff ya ɗauki fim ɗinsa Camp na 2003, kuma shi kansa tsohon ɗan sansanin ne.

Masu sharhi sun fi kallon irin wannan fim a matsayin labarin mafaka: yaran da ake tsangwama a makaranta sun sami inda ba a yi musu dariya. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙarfin Camp ya fi fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin shekarun yaran da nauyin kalmomin da aka ɗora musu. Misali mafi bayyana shi ne Fritzi, rawar da Anna Kendrick ta taka tun ba ta cika shekara 18 ba. Fritzi ta daɗe tana yi wa wata yarinya mai girman kai, Jill, hidima kamar baiwa. Da tura ta kai bango, sai ta zuba mata sabulun wanki a abin sha, Jill ta kama amai tana tsakiyar rera waƙa a wasa, Fritzi ta hau dandamali ta ƙarasa waƙar. Waƙar kuwa daga wasan Company na Stephen Sondheim ce, na 1970, an rubuta ta ne don bakin mace mai shekaru wadda giya da takaicin duniya suka cinye. Mai kallo yana dariya, amma ɗacin da ke muryar yarinyar na gaske ne, domin ta ɗanɗani wulaƙanci. Haka Jenna, wadda iyayenta suka sa aka ɗaure mata muƙamuƙi da waya don ta rame. Sai a wasan ƙarshe aka ji muryarta.

Camp Rock na kamfanin Disney, na 2008, ya kauce wa wannan tazara, ya ba yara waƙoƙin da aka ɗinka daidai da su, shi ya sa bai wuce nishaɗi ba. Theater Camp na 2023, wanda Molly Gordon da Nick Lieberman suka ba da umarninsa, ya karkata ga malamai da bashin da ke neman rufe sansanin, yaran suka zama masu hankalin gidan, manya kuma suka koma yara. Ya fi Camp tsari da gogewa. Duk da haka, fim ɗin Graff, da duk raunin labarinsa, shi ne ya ɗauki matasan da muhimmanci.