Rusau: Kalmar Da Muka Gada A Bakin Kasuwa



Rannan ƙanena ya tambaye ni ko rusau sunan mutum ne. Na yi dariya, amma da na zauna sai na ga yaron bai yi nisa da gaskiya ba. A Hausa, wanda ya cika mantuwa mantau ne, mai makara makarau, wanda ya gagara gagarau. Ke nan a ƙa'ida rusau shi ne mai rusawa. Mu ne muka mayar da ita sunan aikin, har muke cewa "an yi rusau".

Asalinta rushe, kalmar gini. Katanga ta sha ruwan damina ta rushe. Daga nan ta shiga mulki: a 1967 Janar Gowon ya rushe jihohin yanki ya yi jihohi 12, a 1976 aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Har mutum ma yakan rushe da kuka.

Amma rusau ta katafila daban ce. Baba yana Legas a Yulin 1990 lokacin da gwamnan soja Raji Rasaki ya sa aka share Maroko bayan wa'adin kwana bakwai, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni. Ya ce a lokacin "an rushe Maroko" kawai suke cewa. A ganinsa kalmar ta kama bakin mutane ne zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, 2003 zuwa 2007, har aka laƙaba masa Mai Rusau. Kun ga laƙabin ma ya nuna ta riga ta zama sunan aiki, tunda sai da aka sa mata "mai".

Abin da ke damuna shi ne, rusau ɗaya ce amma ciwonta ba ɗaya ba. Wanda aka rushe wa shago a Kano a 2023 ya koma gidansu ya kwana. Mu nan rumfar ita ce shago, ita ce sito, ita ce masaukin baƙo. Da aka shafa jan fenti a layinmu, Baba ya ɗauko rasit na shekara ashirin, aka ce na haraji ne, ba na fili ba. Albasa buhu arba'in muka kwashe cikin dare.

Tun daga ranar nake tambayar dattawanmu takardar filin masallacin unguwa. Kowa sai ya ce tana wurin wane.