Abin da Minda Ta Faɗa, da Abin da Ta Ɓoye

Ya ku 'yan makaranta, a Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin lambobin yaƙi, waɗanda soja ke kira minda. Cikin waɗanda suke nema har da wata wadda ta shafi ƙasarmu.

A shekarar 1902, zamanin Sarki Edward na Bakwai, aka ƙago mindar azurfa domin yaƙe-yaƙen Afirka. Kan Sarkin na fuskarta, ƙyallenta rawaya ne mai ratsin baƙi da kore. A bisa ƙyallen akan maƙala ɗan ƙarfe mai sunan ƙasar da aka yi yaƙin. Na 1903 shi ne na cin Kano da Sakkwato, na 1906 kuwa na Satiru da Haɗeja. A bakinta akan buga sunan mai ita da lambarsa.

To, a nan amfaninta yake. Yawancin sojan da Turawa suka zo da su baƙar fata ne, da Hausawa da yawa cikinsu, littattafai ba su ambace su ba. Sau da yawa bakin mindan nan kaɗai ya riƙe sunansu.

Amma mu lura, wanda ya ci yaƙi shi ke buga minda. Sarkin Musulmi Attahiru da jama'ar da suka kwanta tare da shi a Burmi cikin 1903 ba su da ko ɗaya. Labarinsu yana bakin tsofaffinmu. Mu tambaye su, mu rubuta, tun suna da rai.