Likkafanin Turin: Tarihinsa Da Darasinsa Gare Mu

'Yan'uwa cikin Almasihu, a wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50, ya dace mu dubi wani abu da ya daɗe yana jawo gardama tsakanin masu bi. Da yawa cikinmu sun taɓa ganin hoton fuskar wani mutum mai gemu, idanunsa a rufe, a kalanda ko a waya, ana cewa ainihin fuskar Yesu ce. An samo hoton nan daga wani yadi da ke ajiye a majami'ar Yohanna Mai Baftisma a birnin Turin, ƙasar Italiya. Mu mutanen ƙasar Daura mun san darajar abin da aka gada, domin har yau baƙi na zuwa ganin rijiyar Kusugu. To, mene ne labarin wannan yadi?

Yadin na lilin ne, tsawonsa kamar mita 4.4, faɗinsa mita 1.1. A jikinsa akwai siffar mutum, gaba da baya, a dushe, da tabon bulala, da rauni a wuyan hannu da ƙafa da haƙarƙari, da alamun jini a kai. Masu girmama shi sun gaskata shi ne likkafanin da Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe jikin Ubangijinmu da shi, kamar yadda Markus 15:46 ya ba da labari.

Tarihinsa da aka tabbatar a rubuce ya fara ne wajen 1355, a ƙauyen Lirey na Faransa, a hannun iyalin wani barde mai suna Geoffroi de Charny. Tun daga lokacin aka fara musu. A 1389 Bishop Pierre d'Arcis na Troyes ya rubuta cewa bishop ɗin da ya riga shi ya bincika, har ya gano mai zanen da ya yi shi. A 1453 yadin ya koma hannun gidan sarautar Savoy. A 1532 gobara ta tashi a ɗakin sujada na Chambéry, azurfar akwatinsa ta narke ta ƙona shi a wurare da dama, har mata masu zaman zuhudu suka yi masa faci a 1534. An kai shi Turin a 1578, kuma a 1983 tsohon sarkin Italiya, Umberto na II, ya bar wa Paparoma shi a wasiyya.

Abin da ya ɗaukaka sunansa a duniya ya faru a 1898. Wani lauya, Secondo Pia, ya ɗauki hotonsa. Da ya wanke gilashin hoton, inda fari kan fito baƙi, baƙi kuma fari, sai ga fuskar ta fito sarai, fiye da yadda ido ke ganinta a yadin. Mutane suka yi ta tambaya, yaya mai zane zai yi haka shekaru ɗaruruwa kafin a ƙirƙiro kyamara?

A 1978 wata ƙungiyar masana daga Amurka ta yi awa 120 tana binciken yadin. A rahotonsu na 1981 sun ce siffar ba fenti ba ce, amma ba su iya bayyana yadda ta samu ba. Wani masani kuma, Walter McCrone, ya ce shi ya ga jan fenti a zaren da aka ba shi.

Gwaji mafi girma shi ne na 1988. Kowane tsiro yana ɗaukar wani irin kabon daga iska muddin yana raye, in an yanke shi sai kabon ɗin ya riƙa raguwa bisa wani ƙayyadadden lissafi, ta haka ake gane shekarun yadi. Aka yanki ƙyalle daga kusurwar likkafanin, aka raba wa ɗakunan bincike uku, a Oxford, da Zurich, da Arizona. Sakamakon ya nuna an girbe lilin ɗin tsakanin 1260 da 1390, watau daidai zamanin da ya fara bayyana a Faransa. Kadinal Ballestrero na Turin shi da kansa ya sanar da haka a watan Oktoba na shekarar. Waɗansu sun ƙi yarda, suna cewa kusurwar da aka yanka ta sha hannu da hayaƙi, ko kuma gyara ce. Yawancin masana dai sun tsaya a kan sakamakon. Ikilisiyar Katolika ma ba ta taɓa wajabta wa kowa ya gaskata cewa na ainihi ne ba. A 1998 Paparoma John Paul na II ya ce wannan tambaya ta masu kimiyya ce.

Tun a 1543 John Calvin ya jawo hankalin masu bi ga Yohanna 20:6-7, inda Bitrus ya ga likkafanin a ajiye, mayafin kai kuma a naɗe a wuri dabam, alhali yadin Turin guda ne da ya rufe kai har ƙafa. Masu kāre yadin sukan amsa cewa mayafin ƙari ne a kan babban likkafanin.

Saboda haka, ya ku matasanmu, kada ku ɗauki hoton nan ku kai wa maƙwabci a matsayin shaidar tashin Almasihu. Ranar da ya ambata muku gwajin 1988, me za ku ce? Kada kuma mu yi wa 'yan'uwanmu ba'a, waɗanda ke dubansa su tuna da shan wuyar Mai Ceto. Sai dai mu riƙe 2 Sarakuna 18:4: macijin tagulla da Musa ya yi bisa umarnin Allah, Sarki Hezekiya ya farfasa shi sa'ad da mutane suka fara ƙona masa turare.

Manzanni ba su yi wa'azin likkafani ba. Sun yi shelar kabarin da ba kowa a ciki, da Ubangijin da suka gani da rai. Iyayenmu da suka kafa wannan ikilisiya ba su je Turin ba, Maganar Allah suka ji suka ba da gaskiya, albarkar da aka faɗa wa Toma a Yohanna 20:29 ta zama tasu. Allah ya sa mu miƙa wa 'ya'yanmu wannan gādo yadda muka karɓe shi. Amin.