Daga Ma'aikatar Jirage zuwa Garejin Gida: Yadda Walda ta Zama Abin Nishaɗi a Amurka

A daren 16 ga Janairun 1943, wani sabon jirgin dakon mai da ake kira Schenectady yana ɗaure a bakin ma'aikatar ƙera jirage ta Swan Island, a birnin Portland na jihar Oregon da ke Amurka. Bai daɗe da dawowa daga gwajin teku ba. Ruwa a kwance yake, babu guguwa, babu maƙiyi a kusa, sai dai sanyin hunturu. Kwatsam aka ji wata ƙara mai firgitarwa. Jirgin ya tsage daga sama har kusan gindinsa, tsakiyarsa ta ɗago, gabansa da bayansa suka zauna cikin laka. Ƙarfen da aka haɗa da walda ne ya rabe gida biyu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Abin lura shi ne, a daidai shekarun da walda take ba manyan injiniyoyi kunya irin wannan, a lokacin ne take shirin shiga gidajen mutanen da ba su taɓa karanta injiniyanci ba. A yau ba baƙon abu ba ne a Amurka likita ko malamin makaranta ya shafe yinin Asabar a garejinsa yana haɗa teburin aiki, ko murhun gasa nama, ko tirelar ɗaukar kaya, alhali ba wanda zai biya shi ko kwabo. Mu da muka san walda a matsayin sana'ar neman abinci a bakin titi muna iya ganin wannan kamar wauta ce ta mai wadata. Sai dai hanyar da wutar nan ta bi kafin ta iso gareji doguwa ce, kuma ba nishaɗi ne ya share ta ba.

Kafin walda, manyan hanyoyi biyu ake da su na haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ta farko ta maƙeri ce: a zuga wuta har bakin ƙarafan biyu su yi fari, a ɗora su a kan uwar maƙera, a yi ta duka da masaba har su zama ɗaya. Ta biyu ita ce a huda faranti biyu, a zura ƙusa mai kauri tana ja zur da zafi, a dake kanta ta baje, idan ta huce sai ta matse su. Da irin waɗannan ƙusoshi kimanin miliyan biyu da rabi aka haɗa hasumiyar Eiffel da aka kammala a Paris a 1889, kuma kowace ƙusa sai da mutum huɗu suka tsaya a kanta. Duk hanyoyin biyu ba na mutum ɗaya a bayan gidansa ba ne.

Tun farkon ƙarni na 19 masana irin su Vasily Petrov a Rasha da Humphry Davy a Ingila suka nuna cewa idan aka kusanto da sanduna biyu masu ɗauke da lantarki, wani harshen wuta mai tsananin haske yana tsallaka tazarar da ke tsakaninsu, ya kuma ɗore. An ɗauki kusan shekara tamanin kafin a sa wannan wuta aiki. Nikolay Benardos ya yi rajistar hanyarsa ta narka ƙarfe da sandar gawayi a 1885, sannan a 1888 Nikolay Slavyanov, a birnin Perm na Rasha, ya maye gurbin gawayin da sandar ƙarfe wadda ita kanta take narkewa ta cike gurbin. Amma haɗin da ake samu ba abin dogaro ba ne. Narkakken ƙarfe yana shan iskar da ke kewaye da shi, sai ya huce da ƙananan ramuka a ciki, ya yi gautsi kamar kasko.

Wanda ya magance wannan, a ganina shi ne ya fi cancanta a kira uban waldar da muka sani. Oscar Kjellberg injiniyan jirgin ruwa ne ɗan Suwidin, wanda yoyon tukwanen tururi ya dame shi. Ya kafa kamfanin ESAB a Gothenburg a 1904, kuma a 1907 ya nemi rajistar wata dabara mai sauƙin faɗa: a lulluɓe sandar walda da ɓawon ma'adinai. Idan sandar ta kama wuta, ɓawon yana ƙonewa ya fitar da hayaƙin da ke kore iska daga narkakken ƙarfen, ragowarsa kuma ta taso sama ta rufe haɗin har ya huce. Wannan ragowa ita ce baƙin ɓamɓaroki mai kama da kashin maƙera da kake ganin mai walda yana ƙwanƙwasawa da guduma bayan ya gama. Duk sandar da ake sayarwa a kwali a yau jikanyar ta Kjellberg ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ba sabuwar fasahar damar nuna kanta. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917 ta ƙwace jiragen Jamus da ke tashar New York, sai aka tarar ma'aikatansu sun farfasa injinan da gangan. Da walda aka gyara su cikin watanni, maimakon jiran a zuba sabbin sassa. A 1920 ma'aikatar Cammell Laird da ke Birkenhead a Ingila ta saki Fullagar, jirgin da aka haɗa gangar jikinsa gaba ɗaya da walda. Duk da haka na'urar ta kasance kayan masana'anta: janareta ce mai nauyin gaske da tsada, wadda ke bukatar lantarki mai layi uku irin na ma'aikatu. Ƙananan garejin gyaran mota sun fi dogara da waldar gas, wato tocilar oksijin da asitilin da Edmond Fouché da Charles Picard suka fito da ita a Faransa a 1903.

A 1929 wani mutum mai suna Niels Miller, a garin Appleton na jihar Wisconsin, ya haɗa ƙaramin injin walda a ɗakin ƙarƙashin gidansa, da tarkacen ƙarfe da waya da ya naɗa da hannu. Taransifoma ce kawai. Lantarkin gida yana zuwa da matsi mai yawa amma kwarara kaɗan. Walda kuwa akasin haka take so, matsi kaɗan da kwarara mai yawa. Naɗin waya biyu a jikin ƙarfe guda sun isa su yi wannan musanya, babu abin da ke juyawa balle ya lalace. Wanda ya taɓa leƙa shagon walda a Kano ko Maraɗi ya ga irin akwatin nan da ake naɗawa da hannu, mai gurnani, wanda ke sa ƙwan fitilar maƙwabta ya yi lumshe duk lokacin da aka ɗosana sanda, to ya ga ainihin abin da Miller ya ƙera.

Sai dai injin da ke cin lantarkin gida ba shi da amfani inda babu lantarkin. A 1935 kusan gona ɗaya ce cikin goma take da wuta a Amurka, domin kamfanoni ba su ga riba a jan waya mil da yawa saboda gida guda ba. A wannan shekara gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kai lantarki karkara, majalisa ta mara mata baya da doka a 1936, aka riƙa ba ƙungiyoyin gama-kai na manoma rance mai sauƙi su ja wayarsu da kansu. Kafin tsakiyar shekarun 1950, gonaki tara cikin goma sun samu wuta. A daidai lokacin ne kuma tarakta take korar doki. A 1954 yawan taraktoci a gonakin ƙasar ya zarce na dawaki da alfadarai. Maƙerin ƙauye, wanda takalmin doki da bakin garma suke ciyar da shi, ya fara rufe maƙerarsa. Manomin da injin girbinsa ya karye ana tsaka da kaka, gari kuma yana da nisa, hadari yana haɗuwa, ba shi da zaɓi sai ya zama maƙerin kansa.

A nan ne ya kamata a nemi asalin waldar gida: a rumbun kayan aikin manomi, a ƙarƙashin larura. Masu sayar da injin sun gane haka da wuri. Kamfanin Lincoln Electric na Cleveland, wanda aka kafa a 1895, ya buɗe makarantar walda tun 1917, sannan a 1936 aka kafa gidauniya da sunan James F. Lincoln wadda ta riƙa buga littattafan koyo masu araha tana shirya gasa da kyaututtuka ga manoma da ɗalibai. Makarantun sakandaren karkara, waɗanda dokar Smith-Hughes ta 1917 ta ba kuɗin koyar da aikin gona da sana'a, suka zama wurin da yaro yake fara riƙe sanda. Ba na zargin gidauniyar da rashin gaskiya, amma kada a manta sandar walda ƙarewa take yi, kuma duk wanda aka koya wa ya zama mai saye har tsufansa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara abin da ya rage, wato hannaye. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710, kusan duka da walda, har aka harhaɗa ɗaya mai suna Robert E. Peary cikin kwana 4 da awa 15 da 'yan mintoci a Nuwambar 1942. An kwashi manoma da masu wanki da matan aure an koya masu aikin cikin makonni. Da jirage suka fara tsagewa irin ta Schenectady, waɗannan sabbin hannu aka fara ɗora wa laifi. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ce ta nuna cewa babbar matsalar tana jikin ƙarfen kansa: idan sanyi ya kai wani mataki, irin ƙarfen da ake amfani da shi yana daina lanƙwasawa, sai ya karye kamar gilashi. Tsagewar takan faro daga kusurwar ƙofar zuba kaya ko daga wani aibi a haɗin. A jirgin ƙusa, tsaga tana tsayawa a ƙarshen faranti. A jirgin walda kuwa duk gangar jikin ta zama faranti ɗaya, babu inda za ta tsaya. Aka gyara tsarin, aka zagaye kusurwoyi, aka ƙara ɗamarar ƙarfe da ƙusoshi don tare tsaga.

Bayan 1945 waɗannan mutane suka koma gida da sana'a a hannu, da yawansu zuwa sabbin unguwannin bayan gari inda kowane gida yake da gareji. Tun farkon shekarun 1960 Lincoln yake sayar da wani jan akwati mai suna AC-225, wanda saboda siffarsa ake yi masa laƙabi da dutsen kabari, kuma har yau ana ƙera shi. Abin da aka koya don yaƙi da noma ya koma wasa. A 1956 Art Ingels, wanda ke aiki a kamfanin ƙera motocin tsere na Kurtis Kraft a Kalifoniya, ya haɗa 'yar mota da bututun ƙarfe da rarar injin yankan ciyawa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, aka fara tsere a filin ajiye motoci na Rose Bowl a Pasadena. Daga wannan wasan gareji aka samu tseren kart, wanda a cikinsa Ayrton Senna da Michael Schumacher da Lewis Hamilton suka koyi tuƙi.

Sauran labarin na sauƙaƙawa ne. Waldar MIG, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar Battelle a 1948, ta maye sanda da siririyar waya da inji ke turowa da kansa, daga baya aka ƙanƙanta ta har ta dace da soket ɗin gida. A 1981 wani kamfanin Suwidin ya fito da hular Speedglas mai gilashin da ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta kama, don haka sabon shiga ya daina lalube a makance. Sannan injin inbata ya zo: maimakon lantarkin da ke kai-komo sau 50 ko 60 a daƙiƙa, yana mayar da shi sau dubbai, kuma gwargwadon saurin kai-komon gwargwadon ƙanƙantar taransifomar da ake bukata. Akwatin da ya haura kilo 40 ya koma abin ratayawa a kafaɗa.

Damuwata tana nan. Tsohuwar sanda ba ta rufa wa mai koyo asiri. Idan bai iya ba za ta manne, ko haɗin ya fito kamar kashin kaza, kowa ya gani. Ƙaramin injin MIG kuwa yana iya shimfiɗa layi mai kyan gani sumul a kan ƙarfe mai kaurin da ya fi ƙarfinsa, alhali narkakkiyar wayar kwanciya kawai ta yi a sama ba ta shiga jiki ba. A kan teburin shayi wannan ba komai ba ne. A wuyan tirelar da ake ja da gudu a babbar hanya, bayanta kuma da motar wasu, magana ce ta rai. Ma'aikatar jirage tana da sufeto da na'urar ɗaukar hoton cikin ƙarfe, kuma duk da haka Schenectady ya tsage. A gareji, mai aikin shi ne mai duba aikin. Haka nan babu mai gaya masa cewa hayaƙin ƙarfe mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi, ko duron da aka taɓa zuba fetur yana iya fashewa ko da ya bushe, ko kuma cewa tun 2017 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa hayaƙin walda a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Malaman walda na makarantun karkara suna da wani gwaji da ba ya bukatar na'ura. Ɗalibi zai haɗa guntayen ƙarfe biyu, a matse su a bakin maɗauri, a miƙa masa babbar guduma ya yi ta dukan aikinsa. Idan ƙarfen ya lanƙwashe haɗin yana nan, sai a ba shi garma ya gyara. Idan kuwa haɗin ya ɓalle, aka ga fuskar ƙarfen a ƙarƙashi fes kamar wuta ba ta taɓa ta ba, sai malam ya ɗauko wasu guntaye biyu daga kwandon tarkace ya ajiye masa a kan tebur.