Ranar da aka yi wa Marconi kutse a Landan

A ranar 4 ga Yunin 1903, zauren lacca na Royal Institution da ke Landan ya cika da jama'a. Masanin lantarki John Ambrose Fleming ne zai nuna musu yadda saƙon tangaraho maras waya zai iso daga tashar Guglielmo Marconi da ke Poldhu, can kudu maso yammacin Ingila. Amma kafin saƙon ya zo, sai na'urar karɓa ta shiga buga wani saƙo dabam: kalmar "ɓeraye" tana ta maimaituwa, daga bisani kuma baitocin zambo ga Marconi. Wanda ya yi wannan aika-aika shi ne Nevil Maskelyne, mai wasan dabo kuma mai ƙere-ƙere, wanda ya kafa tasa na'urar a kusa.

Abin da Maskelyne yake son rusawa wani iƙirari ne. A 1900 Marconi ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira mai lamba 7777, wadda ta dogara kan da'irar lantarki mai saiti: naɗin waya haɗe da kafasita, wato ma'ajin caji. Irin wannan da'ira tana da adadin kaɗawa guda a daƙiƙa wanda take amsawa da ƙarfi fiye da saura, kuma tun 1853 William Thomson ya fitar da lissafinsa. Sai Marconi ya riƙa tallar cewa saitin nasa zai hana katsalandan, ya kuma kare sirrin saƙo.

Nan ne ya zarce gona da iri. Duk ɗalibin da ya yi gwajin a ɗakin gwaje-gwaje ya san dalili. Yana haɗa injin sigina da da'irar, yana ƙara yawan kaɗawa sannu a hankali, yana rubuta ƙarfin da ke fitowa. Zanen da yake samu tudu ne mai gangara hagu da dama. Idan ƙololuwarsa tana kilohaz 1,000, faɗinsa kuma kilohaz 10 ne a inda ƙarfi ya sauko zuwa kashi 70.7 cikin ɗari, to ingancin da'irar, wanda ake kira Q, ya zama 100. Gangaren nan ba ya taɓa kaiwa sifili. Saboda haka sigina mai ƙarfi daga maƙwabta tana iya kutsowa ta gefe, balle a zamanin na'urorin tartsatsi, waɗanda ke watsa ƙarfinsu a kan zango mai faɗi.

Fleming ya fusata, ya rubuta wa jaridar The Times yana kiran abin ta'asa da sunan kimiyya. Maskelyne ya fito ya ce shi ne. Takardar kuwa ba ta tsira ba a Amurka. A 1943, shekaru 6 bayan rasuwar Marconi, Kotun Ƙolin Amurka ta soke muhimman sassan takwararta ta Amurka, tana nuni da ayyukan Oliver Lodge da John Stone Stone da Nikola Tesla da suka riga ta.