Titin Nilu da Grand Hotel: inda aka daɗe ana yanke wa riɗinmu farashi

’Yan uwa, duk wanda a cikinmu ya taɓa barin Gadarif ya je Khartum neman takardar fitar da kaya ya san Shari’un Nil, titin da ya bi gaɓar Shuɗin Nilu har Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa. Da yawanmu mun huta a inuwar madatansa ba tare da mun tambayi asalinsa ba.

Turawan Ingila ne suka shata shi bayan Kitchener ya ci Omdurman a 1898. Suka sake gina fadar da aka kashe Gordon a 1885, suka jera ofisoshin mulki a gefenta, duk suna kallon ruwa. A 1902 aka buɗe kwalejin Gordon, wadda ta zama Jami’ar Khartum, kuma a wannan zamanin ne Grand Hotel ya fara karɓar baƙi, daura da tsibirin Tuti.

A 1903 aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Mai Wurno ya ja jama’a zuwa gabas har suka zauna a bakin wannan kogi, kusa da Sinnar. Ke nan lokacin da ake shimfiɗa wa jami’an mulki gado a otal ɗin, kakanninmu suna tafe a ƙasa da niyyar hajji, suna yada zango suna ƙwadago. Ba don su aka gina shi ba, su ma ba su nemi ɗaki ba.

Sai dai igiya ɗaya ta ɗaure mu da shi. Hukumar jiragen ƙasa ta Sudan, wadda ta daɗe tana tafiyar da otal ɗin, ita ce ta kawo dogo Gadarif a 1928, dawa da riɗi suka sami hanyar teku. Haraji da izinin fitar da kaya kuwa, a ofisoshin Khartum ake tsara su, mu kuma mu ji a kasuwa. Daga baya wani kamfanin Malesiya ya karɓi otal ɗin, ya koma Grand Holiday Villa.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, titin ya zama fagen daga, gwamnati ta koma Bur Sudan. Mutanen da muke bin ofisoshinsu jiya, wasunsu a Gadarif suka nemi mafaka, muka ba su tabarma. Sojoji sun ƙwace fadar a Maris 2025.